Motar da Ba Ta Tashi da Safe

An ce wai a wani gari da ke kan hanyar Funtuwa an yi wani alƙali mai suna Malam Hashimu, mutum mai jinkirin magana, wanda ba ya son a kai ga rantsuwa matuƙar akwai wata hanyar gano gaskiya. A zamaninsa ne aka yi shari'ar Kuluwa da Alhaji Tanimu.

Kuluwa malamar firamare ce. Mijinta, Malam Sallau, ciwon ƙoda ya kama shi, har likitoci suka ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda a babban asibitin birni. Motar haya tana wahalar da shi, ga shi kuma wanda bai isa da wuri ba ya rasa layi. Sai suka sayar da gonarsu don su sayi mota ta hannu, Kuluwa kuma ta koyi tuƙi.

Alhaji Tanimu abokin Sallau ne tun suna yara. Da ya ji suna neman mota, ya ce kada su je wurin dillalai a cuce su, ga tasa da ya daɗe yana hawa. Ya kawo ta da la'asar, injinta da ɗumi, aka zaga gari da ita tana tafiya sumul. Sallau bai ko kira makaniki ya duba ba, don yana jin kunyar a ce ya binciki kayan amininsa.

Washegari da asuba motar ta ƙi tashi. Kuluwa ta yi ta ba ta wuta, inji yana juyawa amma ba ya kamawa, sai da batir ya kusa mutuwa sannan ta tashi tana kakkarwa. A kan hanya ma, in ta taka totur za ta wuce babbar mota, sai motar ta cije kamar an riƙe ta, sannan ta fizga. Da rana kuwa, in ta yi zafi, lafiya lau take. Aka canza fulogi, aka sayi sabon batir, aka wanke nozul, duk ba ta sake hali ba. Kuluwa ta sha kiran Alhaji Tanimu tana tambayarsa ko akwai wata dabara da yake yi mata da safe. Amsarsa kullum ɗaya ce: a hannunsa ba ta taɓa yin haka ba, ta dai bincika irin man da take zubawa.

Wata safiya numfashin Sallau ya sarƙe. Maƙwabta suka sa shi a mota, Kuluwa ta murɗa makulli, ta murɗa, motar ta ƙi. Aka tura ta har bakin titi, ta ƙi. Kafin ta tashi rana ta fito. Ba su kai birni ba Sallau ya cika.

Tana cikin takaba magana ta fara dawo mata. Alhaji Tanimu yana faɗa a majalisa cewa ya ba su mota garau, matar ce ta kashe ta da man 'yan bumburutu da rashin iya tuƙi. Dangin miji suka ɗauka, har ƙanwar marigayin ta ce mata a gaban mutane sakacinta ne ya ci ɗan'uwansu. Da ta fita takaba, sai ta kai ƙara.

Alƙali ya saurari kowa. Kuluwa ta ce an sayar musu da mota mai aibi, an ɓoye musu. Alhaji Tanimu ya ce kayan hannu ne, kuma kowace mota tana iya lalacewa a hannun wanda bai san ta ba. Alƙali ya tambaye shi ko ya san wani abu game da inji. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, iyakarsa ya murɗa makulli ya tafi, kuma duk zamansa da motar murɗawa ɗaya take tashi, da safe ko da rana. Ya ce a ba shi Alƙur'ani ya rantse.

Nan Malam Hashimu ya ga wuyar al'amarin. Aibin mota ba laifin mai sayarwa ba ne in bai san da shi ba, kuma Kuluwa ba ta da shaidar cewa ya sani. In aka ba shi rantsuwa zai rantse, shari'a ta ƙare, matar ta koma gida da zargin da ta zo da shi, har da ƙari. Sai ya ɗage zaman, ya sa aka kawo motar harabar kotu, ya kira wani tsohon makaniki, Oga Ɗantala, ya duba ta.

Oga Ɗantala ya kwana biyu yana gwaji, sannan ya sami alƙali a keɓe. Ya ce famfon mai ne ya gaji, shi ya sa take cijewa in an taka ta. Kuma famfon ba ya riƙe mai: in motar ta kwana, man da ke cikin bututu sai ya zurare ya koma tanki, da safe inji ya juya a bushe. Alƙali ya tambaye shi yadda mai irin wannan mota yake yi da ita. Makanikin ya gaya masa. Alƙali ya ce kada ya faɗa wa kowa.

Aka bar motar ta kwana a kulle, aka kira kowa da sassafe, har da dangin marigayin. Alƙali ya miƙa wa Alhaji Tanimu makulli ya ce:

"Ka ce a hannunka murɗawa ɗaya take tashi. Ga ta nan. In ka ba ta wuta ta kama nan take, na san laifin direba ne. In ta ƙi, na san laifin mota ne."

Alhaji Tanimu ya shiga ya zauna, alƙali yana tsaye a bakin taga. Ya murɗa makulli rabi, ƙananan fitilun gaban direba suka kama, amma bai ba ta wuta ba. Ya karkata kunne yana sauraron ƙugin famfo daga baya har ya yi shiru. Ya kashe, ya sake murɗawa rabi, ya sake saurare. Ya maimaita. Sannan ya ba ta wuta, motar ta tashi nan take. Ya fito yana murmushi, dangin miji suka fara harar Kuluwa.

Alƙali ya ce a kashe motar. Ya dubi Alhaji Tanimu ya ce:

"Ka gaya wa kotu ba ka san komai game da inji ba, kuma ba ka taɓa ganin ta ƙi tashi ba. To me kake saurare? Mai lafiyayyar mota ba ya jiran famfo ya cika bututu. Wannan abin da ka yi, sai wanda ya sha fama da ita da asuba ne ya san shi. Na hana ka rantsuwa don kada ka ƙara wa kanka nauyi, ga shi hannunka ya ba da shaidar da bakinka ya ƙi bayarwa."

Alhaji Tanimu ya sunkuyar da kai.

Kuluwa ba ta yi murna ba. Ta matso, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce: "Alhaji, iyakar abin ke nan? A murɗa rabi a saurara?"



Alƙali ya warware cinikin, ya ce Alhaji Tanimu ya karɓi motarsa ya mayar da abin da aka ba shi, kuma ya je majalisar da ya ɓata sunan matar ya janye maganarsa a gaban waɗanda suka ji ta. Ya ce rai kuwa na Allah ne, ba shi da hurumin ɗora mutuwar Sallau a kan kowa, wannan shari'a tana gaban wanda ya fi shi sani. Ƙanwar marigayin ta zo za ta kama hannun Kuluwa, Kuluwa ta gyara mayafinta ta wuce, ta koma gida a ƙafa. An ce ba ta sake riƙe sitiyari ba har ƙarshen rayuwarta.

Masu ba da wannan labari suna cewa: baki yana iya koyon ƙarya a yini guda, amma hannu abin da ya saba shi yake faɗa. Kuma hukunci, komai kyawunsa, suna yake wankewa, ba ya dawo da wanda aka binne.