Yadda Barmo Ya Kafa Gandun Moda Daga Kan Tsamiya

Tun zamanin da giwaye ke shan ruwa a inda kasuwa take yanzu, an yi wani maharbi a ƙauyen Kurmin Dawa, sunansa Barmo. Ƙato ne, mai murya kamar tsawa. Makaɗa na yi masa kirari: "Barmo na Tasalla, dodon dawa, mai sa zaki zazzaɓi!" Sai dai dattawan da suka riƙe tarihin nan sun ce ba a taɓa ganin abin da ya wuce bushiya a jakarsa ba.

Wata shekara wata ɓauna ta addabi ƙauyen, tana cinye gero, tana tumurmusa manoma. An ce in ta yi huci, ciyawa bushewa take. Mai gari ya tara jama'a, duk idanu suka koma kan Barmo. Kunya ta sa ya rataya baka ya shiga daji.

Ya yi ta tafiya har wani kwari cike da moda, wani tsiro mai dogayen ganye masu kauri kamar takubba. Nan suka yi kiciɓis. Ya ja baka, tsirkiya ta tsinke. Kafin ɓauna ta gama ɗago kai, Barmo na can ƙololuwar tsamiya. Ita kuwa ta zo gindin ta kwanta.

Da shiru ya yi yawa, matarsa Tasalla ta bi sawunsa. Ta hango shi maƙale a reshe, yunwa ta fara ramar da shi.

"Maigida, me kake yi a can?"

"Dabara ce ta maharba. Rage murya, don Allah."

Tasalla ta yanki ganyen moda, ta daddaka a kan dutse, sai ga farin zare ya fito. Ta murza shi a cinya, ta tufka igiya. Da rana ta take, barci ya ɗauke ɓauna, ta lallaɓa ta zarga mata a ƙaho, ta ɗaure ɗaya bakin a jikin itace.

"Na ɗaure ta, Maigida!"

"A ina?"

"A gindin tsamiya."

Barmo ya leƙo ƙasa ya dubi igiyar. Can ya ce, "Tasalla, duk itatuwan dajin nan, ba ki ga wani ba sai wanda nake kai?"

Ɓauna ta farka ta yi ta fizga, ƙasa na girgiza, igiya ta ƙi tsinkewa. Ita ba ta tafi ba, shi bai sauko ba. Tasalla ta kafa bukka nesa kaɗan, ta tufka wata igiyar, da ita Barmo ke jan ƙwaryar tuwo zuwa sama.

Fatake masu wucewa suka ga igiyar da ta gagari ɓauna, kowa ya ce yana so. Masu jakuna suka zo, masu rijiyoyi suka zo, wasu suka yi bukkoki suka zauna. Duk baƙon da ya ɗaga kai ya tambaya, Barmo kan ce, "Gadinta nake yi." Da yake daga can yana hangen kwarin gaba ɗaya, shi ya riƙa daka tsawa yana nuna inda za a dasa moda da inda za a bar hanya. Shi ya sa layukan gandun suka miƙe sambal.

Kafin kaka ɓauna ta saba da mutane. Yara na ba ta dusa, mata na shanya zare a ƙahonta. Aka roƙi Barmo ya sauko.

"Munafunci take yi," in ji shi. "Ni na san halinta."

Rannan Tasalla ta yi tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu, ta ajiye a gindin tsamiya, ta janye igiyar ƙwarya. Ƙamshi ya hau sama. Barmo ya yi ta maza har la'asar, sannan ya sulalo a hankali. Ya kai lomar farko ke nan, ɓauna ta miƙo wuya ta lashe masa kai. Nan take ya sume. Da aka yayyafa masa ruwa, ya buɗe ido ya dubi taron, ya ce, "Ku shaida, na yafe mata."

Ranar aka naɗa shi mai garin wannan sabon gari, Gandun Moda. Gandun ya bunƙasa, igiyarsa ta kai garuruwa masu nisa. Daga baya aka kawo injunan fitar da zare, suka yi zamaninsu suka yi tsatsa, katangun rumbunan ajiye igiya ma sun zube. Amma garin Gandun Moda na nan, kuma har yau duk wanda za a naɗa mai gari sai ya hau tsamiyar, matarsa ta ajiye tuwo a ƙasa, ya sauko a shafa masa gishiri a ka, a kawo saniya ta lasa. Dattawa sun ce tun da aka fara, mutum biyu ne kawai suka sume, kuma dukansu jikokin Barmo ne.