Barmo Mai Gyaran Hamada

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta."

To ku matso. Kai Cindo, bar taɓa fitilar nan, a karkacen take ci. Da ma labarin irinku ne.

Wani mutum ne wai shi Barmo. Ba ya sata, ba ya ƙarya. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ya ga hular mutum ta jirkice, sai ya miƙa hannu ya daidaita ta tun kafin ya yi sallama. In matarsa Tabawa ta ɗora tukunya, sai ya zo gyara murhu, miya ta kife. Ta ce, "Malam, wa ya aike ka?" Ya ce, "Ai gyara na yi."

Ran nan sai ya bi ayarin Madugu Jatau zuwa garin gishiri, can bayan hamada. Tabawa ta raka shi bakin gari, ta ce, "Don Allah, abin da ka tarar ka bar shi yadda ka gan shi." Ya ce to, yana gyara mata ɗaurin kallabi.

Suka cika salkunansu da ruwa, suka kama hanya. Gonaki suka ƙare, ƙaya ta ƙare. Ƙasa ta koma tsakuwa, tsakuwa ta koma rairayi. Kullum Barmo ne a ƙarshen ayari, don komai sai ya tsaya ya duba.

Sai ya iske guna a wani ɗan kwari, ta yi yaɗo ta ko'ina, 'ya'yanta a warwatse.

Ya ce, "Ke guna, wace irin kwanciya ce wannan ba tsari?"

Guna ta ce, "Bawan Allah, aiki nake yi."

Ya ce, "Aikin kwanciya?" Sai ya tumɓuke ta ya jefar, ya share wurin da tafin hannu har ya yi sumul.

Suka yi gaba. Sai ga aduwa ita kaɗai, babu wata bishiya kusa ko ta magani. Rassanta duk sama suka nufa, sai guda ɗaya dogo da ya miƙe gefe.

Ya ce, "Ke aduwa, wannan reshen ina za shi?"

Aduwa ta ce, "Bar min shi, aiki yake yi."

Sai ya zaro gatari ya sare shi, ya ja da baya ya duba, ransa ya yi fari.

Suka yi gaba. Sai ga wani dogon dutse baƙi ƙirin, iska ta sassaƙe gindinsa, ya sunkuya kamar tsoho mai neman allura.

Ya ce, "Kai dutse, ba ka jin kunya? Miƙe."

Dutse ya ce, "Aiki nake yi."

Barmo ya ce, "Yau na shigo ƙasar ma'aikata." Sai ya sa kafaɗa ya tura, ya tura, ya tokare shi da ƙananan duwatsu har ya tsaya cak.

Suka isa garin gishiri, suka ɗaura wa raƙuma kantun gishiri. Sai madugu ya tara mutane ya ce, "Gishiri nauyi gare shi. Kowa ya ɗauki salka ɗaya, akwai ruwa a hanya. In mun kai baƙin dutse, mu bi inda ya sunkuya. In mun kai aduwa, mu bi inda reshenta ya nuna. In mun ga guna a kwari, mu tona ƙarƙashinta."

Barmo ya tuna gyare-gyaren da ya yi a hanya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga rawanin madugu ya jirkice. Ya gyara masa, ya wuce ya ɗauki salkarsa.

Suka juyo. Iska ta riga ta shafe sawu, gabas da yamma duk rairayi ne iri ɗaya. Salkuna suka bushe. Da ƙyar suka kai dutse, ga shi tsaye ƙiƙam.

Madugu ya kewaya shi, ya sake kewayawa. Ya ce, "Tun zamanin kakana dutsen nan a sunkuye yake. Yau sama yake nunawa."

Wani tsohon mai raƙumi ya ce, "To sai mu zauna mu jira hadari."

Barmo ya ce a hankali, "Ni na gyara shi."

Madugu ya dube shi. Ya ce, "Sannu da aiki. Aduwa fa?"

"Na gyara."

"Guna fa?"

"Ita ce ma ta fi yin kyau."

Madugu ya tambayi dutse ina ya sunkuya a da. Dutse ya ce, "Tunda aka miƙar da ni na samu hutu, na manta."

Tsoro ya kama kowa, don mutuwa ce tsirara a gabansu. Amma ku ji ikon Allah. Barmo yakan manta sunan maƙwabcinsa, amma bai taɓa manta abu karkatacce ba. Sai ya tsaya gindin dutse ya sunkuya yadda ya tarar da shi. Aka ture dutse ya koma haka, ayari ya bi. A gindin aduwa ya miƙa hannu gefe yadda reshe yake, ayari ya bi. A kwari ya baje a ƙasa, hannu nan ƙafa can, kamar gunar da ya raina. Aka janye shi aka tona. Rairayi ya yi danshi, ruwa ya tsattsafo. Mutane suka sha, raƙuma suka sha, aka tara duwatsu a wurin don shaida.

Barmo ya kama akalar raƙuminsa zai yi gida. Madugu ya ce, "Ina za ka? Dutse ya koma aikinsa, guna ta samu madadi. Aduwa fa? Akwai ayari bayanmu, bayansu ma akwai wani."

Sai aka mai da shi gindin aduwa, ya miƙa hannu. Masu wucewa su ba shi dabino da ruwa, su bi inda ya nuna. Wasu ma har su rataya masa salka. Aduwa kuwa ba ta gaggawa. Kullum ya ce, "Reshen bai fito ba?" Ta ce, "Aiki nake yi."

Da reshe ya tsiro ya yi tsawo, sai aka sallame shi. Ya ce zai sauke hannu, hannu ya ƙi. Haka ya koma gida, ƙofar ɗakinsa ma sai a kaikaice ya shiga.

Tabawa ta dube shi sama da ƙasa, tausayi ya kama ta, dariya kuma na cin ta. Ta ce, "Malam, kawo hannun in gyara maka."

Ya ce, "Tabawa, bar shi yadda kika gan shi."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In kun ga abu a karkace, ku tambayi aikin da yake yi kafin ku sa hannu. Cindo, ga shi nan ka kashe mana fitilar.