Ƙuri'un da Suka Tsiro

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Ranar wata Asabar da hantsi, dabbobin Dajin Rimaye suka fito zaɓen shugaba. Su ɗari ne cif. Bushiya, mai riƙe da rumbun iri, ta ba kowa gyaɗa ɗaya da ɓawonta, ya jefa a ƙwaryar Kura ko ta Barewa. Gizo ne malamin zaɓe.

Da ya ƙirga sai ya ce, "Barewa sittin, Kura saba'in. Kura ta ci!"

Zomo ya ce, "Malam Gizo, mu ɗari, ƙuri'a ɗari da talatin?"

Gizo ya ce, "Gyaɗar bana ce da albarka, a ƙwarya take haihuwa."

Wuri ya kaure. Ruwan shuka ya sauka, amma kowa ya jingine fartanya, wai sai an ba nasa mulki. Fatake suka daina zuwa kasuwa. Bushiya ta san in kwana goma suka wuce ba a yi shuka ba, yunwa ce za ta yi mulkin.

Ta je wa Kura. Kura ta ce, "Iya, na ci, na gama."

Ta je wa Barewa. Barewa ta ce, "Iya, an cuce ni, ba na noma."

Ta je rumbu ta ɗauko ƙoren nan biyu, ta shinshina. Sai ta ji ƙamshin suya a ta Kura, ta tuna Ƙoƙi, matar Gizo, suyar gyaɗa take yi da yashi.

Ungulu ta sauko daga wata ƙasa ta ce za ta raba gardama, a ba ta rabin rumbu.

Bushiya ta ce, "Sannu da hanya, baƙuwa. Ƙasarmu ma ta iya alƙalanci. Mu shuka ƙuri'un, kowace da raminta. Wanda nasa suka fi tsirowa, shi ne shugaba."

Gizo, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya yi tsalle ya ce, "Na yarda! Saba'in ai ta fi sittin ko a cikin ƙasa."

Aka shuka. Da yake an riga an fito da fartanya, kowa ya zarce gonarsa.

Kwana bakwai aka dawo. Kunyar Barewa, sittin sun tsiro. Kunyar Kura, arba'in. Bushiya ta tona ramuka talatin da ba su tsiro ba, ga soyayyar gyaɗa ta ruɓe.

Kura ta dubi Gizo, ta dubi jama'a, ta ce, "Ni ma ƙarya ya yi mini. Barewa, ranki ya daɗe."

Barewa ta ba Kura tsaron gonaki. Gizo kuwa aka ɗora masa noman kunyoyin biyu har kaka. Da kakar, rumbu ya cika, fatake suka dawo, Ungulu ma ta zo awo.

To, jikokina, ƙasar da mutanenta suka tsaya suka tone gaskiya da hannunsu ba ta kwana da yunwa.

Ƙungurus kan kusu, a nan ta tsaya.