Ranar da Biri Ya Gama Karatu

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya farka!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara yunwa ta matsa wa Biri, ya je wurin Kurege ya ce, "Aboki, ina kake samo ƙibar nan?"

Kurege ya kai shi gona. Ya tuge gyaɗa, ga 'ya'ya. Ya tuge rogo, ga saiwa kamar cinya. Ya tono dankali, Biri ya ci har cikinsa ya zama ganga.

Biri ya share baki ya ce, "Shi ke nan, na gama karatu. Duk abin da ya leƙo daga ƙasa, daɗinsa yana ƙarƙashi."

Kurege ya ce, "Malam Biri, shuka uku ka gani, ba duniya ba."

Biri ya ce, "Baƙin ciki kake yi don na fi ka ƙwaƙwalwa."

Suna tafe sai ga wani abu mai gashi ya leƙo daga rami. Kurege ya ce, "Wannan fa ba shi da ganye."

Biri ya ce, "Sabon iri ne!" Ya tofa yawu a hannu, ya finciko da ƙarfi. Ashe wutsiyar Kura ce, tana barcin rana.

Kura ta fito ta ce, "Ni ma ga nawa karatun: duk wanda ya ja wutsiyata, abincina ne."

Biri ya ce, "Haba, ranki ya daɗe! Ai ba a yi wa kowa kuɗin goro!"

Kurege daga nesa ya ce, "Au, ashe ka sani?"

Biri ya daka tsalle sai bisa itace, Kura ta wafce gashin mazaunansa. Har yau bai tsiro ba.

Ƙurunƙus kan kusu! Mai musu ya je ya leƙa bayan Biri.