Tarin Lantana

Ku yaran yanzu bakinku ba ƙofa, a gaya muku sirri da safe, kafin azahar yana cikin waya. Ku zauna ku ji yadda Lantana ta yi.

Lantana ce ke riƙe da ofishin kare haƙƙin talakawa a garinmu. Wani manomi ya kai mata kuka a ɓoye cewa Ciyaman Ɗanliti na ƙwace gonaki. Ciyaman ya ji, ya maka ta gaban alƙali.

Ciyaman ya ce, "Ki faɗi sunan mai ɓata min suna, ko in rufe ofishinki yau."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na rantse bakina ba zai faɗa ba. Amma kai ba ka rantse ba. Ka ambaci wanda kake zargi da abin da ya haɗa ku, in ka dace zan yi tari."

Ciyaman ya gyara hula. "Cindo ne, don na karɓe fadamarsa?"

Lantana ba ta yi tari ba.

"To Nomau, mai gonar bakin rafi? Ko Arzika, da na tuge masa rogo?"

Haka ya yi ta jero su har ya gaji. Ya daka tsawa, "Ke, yi tarin mana!"

Ta ce, "Wallahi maƙogwarona lafiya lau. Allah ya gafarta Malam, ka dai ji da kunnenka."

Alƙali ya ce ya ji sarai. Ɗanliti ya mayar da kowace gona da ya ambata, har da amfanin damina, kuma a motarsa aka yi dakon buhunan.