Fitilar da Ta Maƙale a Leda

Wata rana, can ƙasan teku inda hasken rana bai taɓa isa ba, wata farar leda ta sauko a hankali ta kwanta a bakin ramin tsohuwa Ƙaguwa. Ƙaguwa matsoraciya ce. Tana ganin abin ta ja da baya.

Sai ga maƙwabcinta Mai Fitila, kifin da ke ɗauke da ɗan haske a kan wani siririn tsinke a goshinsa. Ya taɓa zuwa bakin teku, tun daga ranar ba ya jin maganar kowa.

"Haba Iya, wannan ce ta firgita ki? Sabuwar ledar mutane ce, da kanta take ruɓewa. A kan yashi na ga irinta ta zama gari."

"Kar ka taɓa ta, ɗan nan!"

"Ke da ba ki taɓa barin rami ba, me kika sani?"

Ya cusa kai ciki yana neman ragowar abinci. Da zai fito, hannun ledar ya naɗe tsinken fitilarsa tamau.

"Tsaya in yanke," in ji Ƙaguwa.

"Janye min ƙazamin hannunki! Gobe za ta ruɓe."

Gobe ta zo ta wuce. Kwanaki suka tura, leda na nan ko ɓula ba ta yi ba. Mai Fitila ya rame, haskensa kuma na ta ƙyalƙyali a wuri ɗaya, ana hango shi daga nesa. Abin da ya hana Ƙaguwa sukuni ke nan.

Can sai ruwa ya motsa. Wani ƙaton kifi ya nufo hasken, bakinsa a buɗe, haƙora zaƙo-zaƙo.

"Iya! Iya, ki yanke! Don Allah!"

Zuciyar Ƙaguwa ta ce ta gudu, amma ta daure ta kama ledar. Ta ja, ta datsa, leda sai miƙewa take yi. Haƙoran sun iso. Ta runtse ido ta datse tsinken fitilar.

Ƙaton kifin ya haɗiye fitila da leda gaba ɗaya, ya wuce. Ko'ina ya yi baƙi ƙirin.

"Iya," in ji wata ƙaramar murya, "kina ina? Ba na ganin hanya."

Darasin wannan labari shi ne, abin da ya ruɓe da wuri a cikin zafin rana yakan daɗe ƙwarai a cikin sanyi da duhun ƙasan teku. Kada girman kai ya hana mu jin gargaɗi, kuma ko wace irin leda ce, kada mu jefa ta a ruwa.