Sa Hannun Yolimar

Akwai wata baiwar Allah a garin Antofagasta na ƙasar Chile mai suna Yolimar, baƙuwa ce daga garin Maracaibo na wata ƙasar, tana aiki a wani asibitin haƙori. Da takardar aikin nan ta samu izinin zama a Chile, ta sa mijinta Nerio da 'yarsu Dayana a ƙarƙashin sunanta.

Nerio mai aski ne, bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Bai taɓa cike fom ko ɗaya ba, Yolimar ce ke yin komai, shi dai a miƙo masa katin zama ya jefa aljihu. Amma in ka zauna a kujerar shagonsa sai ka rantse shi ya goyo iyalin a bayansa ya tsallako da su iyaka. Wallahi irin mutanen nan haushi suke ba ni.

Da ya fara ganin haske sai ya samu wata, ya ce aure ya ishe shi. Bai tsaya nan ba, ya tasa Yolimar a gaba har ofishin rajista don a rubuta ranar rabuwarsu, saki ya yi sauri.

A bakin ƙofa ta riƙo hannunsa. "Nerio, tsaya ka ji. Katinka fa a kan nawa yake. Ka nemi naka tukuna, zan jira."

Ya yi dariya har yana dafa bango. "Ke ji min dabara! Wato da takarda za ki ɗaure ni? Sunana ne a kai, hotona ne a kai. Malama, shiga mu sa hannu, ina da mutane a shago."

Ta shiga ta sa, hawaye na zuba. Ko kallonta bai yi ba.

Bayan wata biyar katinsa ya kusa ƙarewa. Da ya je sabuntawa aka nuna masa abin da bai taɓa karantawa ba: an ba shi zama ne a matsayin mijin Yolimar, ga kuma shaidar rabuwa da sa hannunsa a kai.

Ran Lahadi da hantsi Yolimar tana gasa wainar masara ta ƙasarsu, arepa, sai ga shi, har da furanni, babu ko kunya.

"Yoli tawa, abu ɗan ƙarami ne. Ki rubuta musu cewa mun shirya, muna gida ɗaya. In katin ya fito kowa ya kama gabansa."

Ranta ya ɓaci. Ta sani sarai in aka gano ƙaryar, nata izinin ne zai tafi, na Dayana ma ya bi shi.

"Ka san abin da kake roƙo? In an kama mu, 'yarka ta bar makarantarta ta koma ina?"

"Wa zai kama mu? Haba, shekara goma sha biyu fa muka yi tare!"

"Yau ka iya ƙirga su? Ka je ka nemi mai ɗaukarka aiki da takarda, kamar kowa. In ba ka iya cikewa ba, zan nuna maka. Ƙarya kam ba zan yi ba."

Sai furannin suka koma zagi. Ya ce muguwa ce, so take a kore shi. Dayana ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallonsa. Ya juya gare ta da sauri.

"Gaya wa uwarki ta taimaki babanki mana!"

Yarinyar ta ce, "Baba, na ji komai. In Mama ta sa hannu aka gane, har da ni za a kora. Ka san da haka?"

Ya sani. Shi ya sa ya kasa ɗaga ido.

Darasi: Kada ka raina wanda tsayuwarka ke kan kafaɗarsa, kuma kada ka yarda tausayi ya sa ka yi ƙaryar da za ta rusa 'ya'yanka. Duk wanda ke zaune a ƙasar waje da takardar miji ko mata, ya karanta katinsa yau, ya nemi shawarar masana kafin ya sa hannu a komai. Ku tura wa 'yan uwa, wani na can bai sani ba.